Kajuru Castle: gidan hutu a kan dutse, da tarihin da ke ƙarƙashinsa

1/ Jama'a, duk ƙarshen shekara sai hotunan Kajuru Castle su dawo yawo, kowa yana rubuta "wurin tarihi" a ƙasansu. Ni ɗalibin tarihi ne, kuma a kudancin Kaduna nake, kusa da hanyar da ke zuwa can. Ginin nan bai kai shekara 50 ba. Duwatsun da ke kewaye da shi ne suke da dogon labari. Zaren da ɗan tsawo, ku biyo ni a hankali.

2/ Ga wanda bai san wurin ba: daga Sabon Tasha ka kama hanyar Kachia, ka wuce matatar mai, ka wuce Kujama, ka wuce Kasuwan Magani, sai ka ratse zuwa Kajuru. Kusan kilomita 45 daga cikin gari. Tun daga nesa za ka hango hasumiyoyi a saman dutse, kamar a fim.

3/ Wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, shi ya gina shi a shekarun 1980. Gidan kansa ne, ba na gwamnati ba, ba kuma na sarautar Kajuru ba. Da dutsen da aka fasa aka yi bangon, kaurinsa ya kai mita ɗaya, a kan fasalin gidajen sarakunan Turai na zamanin da.

4/ A ciki akwai babban zaure da aka jera sulke da kwalkwali da takubba, akwai ɗakunan kwana da aka yi musu siffar kurkuku, akwai wurin ninkaya, har da ramin kadoji. Masu hali sukan haɗa kuɗi su kama gidan, su kwana biyu, su gasa nama, su ɗauki hoto, su dawo.

5/ Na taɓa shiga sau ɗaya da rana, lokacin muna sakandare. In ka hau saman hasumiya, duk inda ka juya duwatsu ne a barbaje, gonakin dawa da masara a tsakaninsu, ga ƙauyuka can ƙasa. Mutum yana iya hango mai tahowa tun yana nesa sosai. Ku riƙe wannan maganar, za mu buƙace ta a gaba.

6/ Tambayar farko: me ya kawo Bajamushe har ya yi sha'awar gina gida a dajin Kajuru? Amsar tana nan Kakuri da Makera. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON, kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya yi aikin kafa ta.

7/ Peugeot, wadda muke ce wa Fijo, ta fara haɗa motoci a Kakuri a 1975. Matatar mai ta fara aiki a 1980. Iyayenmu suna ba da labarin yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga masaƙa. Garin cike yake da Turawa, Indiyawa, Japanawa da 'yan Sin masu aiki.

8/ To a wannan Kadunar ce baƙo zai fita bayan gari da mota, ya ga dutse ya burge shi, ya ce a nan zan kwana ba tare da fargabar komai ba. Saboda haka in har gidan yana da tarihi, tarihin zamanin masana'antu ne da kwanciyar hankalin hanya. Wannan ma tarihi ne babba, don yau mun rasa shi.

9/ Fasalin ginin kuwa aro ne, kuma aron ma daga aro aka yi shi. A Bavaria ta Jamus akwai gidan da ake kira Neuschwanstein, wanda Sarki Ludwig na Biyu ya fara ginawa a kan dutse a 1869. A lokacin igwa ta daɗe da kashe amfanin irin waɗannan gidaje a fagen yaƙi.

10/ Sha'awa ce kawai ta sa shi. Ya yi wa gidan siffar zamanin jarumai masu sulke, amma ya sa masa na'urar ɗumama ɗaki da wayar tarho. Ya rasu a 1886 ba a gama ginin ba, makonni kaɗan bayan haka aka buɗe wa masu yawon buɗe ido. Daga irin wannan al'adar ta gina "tsohon gida" sabo fil Kajuru Castle ya fito.

11/ Su kuwa garuruwan kan dutse na gaske a Turai, tsoro ne ya gina su. Ɗauki San Gimignano a Italiya, gari a kan tudu a hanyar masu ziyara zuwa Roma. Manyan gidaje masu gaba da juna sun yi ta gasar gina hasumiya, har aka ce sun kai 72. Yau 14 suka rage.

12/ Annobar 1348 ta karya garin, a 1353 ya miƙa wuya ga Florence. Talauci ya hana su rushe tsofaffin gine-gine su yi sababbi, sai garin ya zauna yadda yake. A 1990 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yanzu mutane daga ko'ina suke kama gidajen hutu a kewayensa.

13/ Sifaniya ma tun 1928 ta fara tsarin masaukai na gwamnati da suke kira Paradores, daga baya ta mayar da tsofaffin fadoji da gidajen yaƙi wuraren kwanan baƙi. Darasin dai ɗaya ne: wurin da aka gina don tsoro ba ya zama wurin hutu sai ranar da tsoron ya kau daga gindin dutsen.

14/ Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da garuruwan dutse, kuma sun girmi gidan Bajamushe da ɗaruruwan shekaru. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Arewa House a 1970, ya nuna cewa manyan biranen Hausa da dama a gindin irin waɗannan duwatsun suka tsiro.

15/ Dalili uku ne. Dutse yana ba da tsaro. A kusa da shi ana samun tama ta yin ƙarfe da ƙasar noma mai kyau. Sannan mutanen wancan zamani sun yarda iskoki suna zaune a kansa, don haka wanda ke kula da dutsen yana da iko a kan mutanen da ke ƙasa.

16/ Kano ce misali mafi sauƙi. A wajen Dala an gano alamun narkar da ƙarfe tun wajajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a kan dutsen, kafin zuwan Bagauda. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa.

17/ Ka lura da yadda aka tsara: ganuwar Kano ta haɗiye Dala da Goron Dutse, ta kuma bar filin noma a ciki. Ko an kewaye birni da yaƙi, akwai wurin hango abokan gaba, akwai abin da za a ci. Dutse da ganuwa tare suke aiki.

18/ A jiharmu kuwa akwai Turunku, a ƙaramar hukumar Igabi, tsakanin Kaduna da Zariya. Tsohuwar cibiyar mulkin Zazzau ce a tsakanin duwatsu, har yau da ragowar ganuwa da kufai. Sunan Bakwa Turunku daga nan ya fito, kuma jerin sarakunan Zazzau ya sa mulkin Bakwa a wajajen 1536.

19/ Daga Turunku aka koma wajen dutsen Kufena, inda Zariya take a yanzu. 'Yan ABU, dutsen nan da kuke hangowa daga Samaru, tsohon mazauni ne mai ganuwarsa. Mutane sun rayu a jikinsa, sun yi noma, sun yi ƙira, tun kafin birnin da muka sani ya tsaya da ƙafarsa.

20/ Sarauniya Amina ma daga wannan gidan take. Masana sun saɓa kan zamaninta: Tarihin Kano ya haɗa ta da Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438, wasu kuma sun ce ƙarni na 16 ne. Abin da bai ɓace ba shi ne sunan "ganuwar Amina" da ake kiran tsofaffin ganuwoyi da shi a wurare da yawa.

21/ Bayan jihadin 1804 Malam Musa ya karɓi Zariya. Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Sabuwar masarautar Zazzau kuma ta ci gaba da riƙe ƙananan sarautun da ke kudu da ita.

22/ A nan Kajuru ta shigo. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya lissafa ta tare da Kauru, Lere, Kagarko, Keffi da Jama'a cikin masu bin Zazzau suna kai gandu. Garin sarauta ne mai Hausawa, a tsakiyar ƙasar Adara, waɗanda Bahaushe ke ce wa Kadara. Su Adara suna kiran wurin Ajure.

23/ Nan ne maganar take da nauyi, kuma dole a faɗe ta. Cikin gandun da ake kaiwa a ƙarni na 19 har da bayi. In rani ya yi, ƙasa ta bushe, koguna sun janye, mahaya sukan fita hari kan ƙauyukan da ba su da amana da sarauta. Waɗanda aka kama wasu a sayar, wasu a kai su rinji noma.

24/ Mutumin da ba shi da doki ba shi da lifidi, me zai yi? Sai ya nemi inda doki ba ya zuwa. Shi ya sa al'ummu da yawa na kudancin Zazzau suka kafa ƙauyukansu a kan duwatsu ko cikin kurmi. Doki a fili sarki ne, amma a kan santsin dutse kaya ne.

25/ Zaman bai zo da sauƙi ba ko kaɗan. Gona tana ƙasa, rumbu yana sama. A noma acca da dawa a gindin dutse, a ɗauko a ka a hau da su. Ruwa ma haka, mata ne da tulu safe da yamma. Hanyar hawa siririya ce da gangan, wadda mutum biyu da kwari da baka za su iya tarewa.

26/ A wasu wuraren akan kewaye gari da shingen ƙerana, mai ƙaya da farin ruwa mai ƙona ido. Akan sa masu gadi a ƙololuwa, in sun hango ƙura su busa ƙaho, na gona su bar fartanya su hau. Hangen nesan nan da na ce ku riƙe, wanda yau muke ɗaukar hoto da shi, a wancan lokacin shi ne ran mutane.

27/ Kagoro misali ne da ya fito fili. Mutanen Agworok sun riƙe dutsensu da kogunansa, Jama'a da Zazzau ba su iya mallake su ba. Shi ya sa ko a zamanin Turawa Kagoro ta zauna da sarautarta, ba a ƙarƙashin sarkin Zazzau ba. Bikin Afan da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu yana da alaƙa da dutsen nan.

28/ Kada wani ya ɗauka labarin ƙabila ɗaya ce ke bin wata. A wajajen 1846 wasu malaman Hausa ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa sun ƙi biyan harajin Kano, suka gudu duwatsun Ningi. Suka haɗa kai da Butawa da Warjawa, suka kafa ƙarfin da ya yi shekaru yana addabar Kano, Bauchi da Zazzau.

29/ Ta yamma kuma Ibrahim Nagwamatse na Kontagora ya yi ta kai hari ƙasar Gbagyi har cikin iyakar Zazzau a ƙarshen ƙarnin. Baba ta Karo, Bahaushiyar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama 'yan gidansu, dangi suka shiga neman kuɗin fansa.

30/ Kuɗin fansa, jama'a. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu yau. Bahaushe, Ba'adare, Bagbagyi, Bafulatani, duk wanda ba shi da mai tsaya masa a wancan zamani abin farauta ne. Mai ganuwa ya shige ganuwa, mai dutse ya hau dutse.

31/ Turawa sun shiga Zariya a 1902. Dokar Lugard ta 1901 ta hana harin bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A 1917 hedkwata ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna.

32/ Daga nan mutane suka fara saukowa. Wasu don kansu, tunda hari ya tsaya kuma gona da kasuwa da hanyar jirgi duk suna ƙasa. Wasu kuma Bature ne ya matsa musu, har da sojoji a wasu wuraren, don mai karɓar haraji ba ya son hawan dutse, kuma wanda ke sama da wuya a juya shi.

33/ Sai dai Bature ya bar baya da ƙura. Ya ɗora al'ummu da dama na kudu a ƙarƙashin hakiman En'e ta Zazzau, har da waɗanda a da ba su taɓa bi ba sosai. Moses Ochonu ya yi littafi a kan irin wannan tsarin a 2014. Rigingimun sarauta da filaye da muka taso muka tarar, saiwarsu ta biyo ta nan.

34/ Akwai inda aka adana garin dutse a Najeriya, don kada a ce ba ya yiwuwa. Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa: fadar Hidi a sama, gonaki hawa-hawa, hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse. A 1999 ta zama wuri na farko a ƙasar nan da UNESCO ta amince da shi. A 2014 Boko Haram ta kai mata hari.

35/ Kajuru ma ba ta tsira ba. Ranar 18 ga Oktoban 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Washegari aka sace Agom Adara, Maiwada Galadima, bayan mako guda aka tsinci gawarsa. Mu da ke Kaduna ba mu manta dokar hana fita ta kwanakin nan ba.

36/ A Fabrairun 2019, dab da zaɓe, aka sake zubar da jini a ƙauyukan Kajuru. Fulani sun binne nasu, Adara sun binne nasu, hare-haren ramuwa suka ci gaba wata da watanni. Dubban mutane suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan duk waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

37/ Sai daren 19 ga Afrilun 2019. 'Yan bindiga suka kai hari Kajuru Castle kansa, suka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya, suka tafi da mutum uku. Labarin ya zaga duniya cikin kwana ɗaya, abin da mutuwar mutanen ƙauyukan kewaye ba ta samu ba.

38/ Ka duba abin nan da kyau. Bango mai kaurin mita ɗaya, hasumiya, ɗakin makamai, duk an yi su don ado. Ranar da tsoro na gaske ya zo, ba su tare komai ba. Ko na gaske ne ma, dutsen da ya tare doki da mashi ba zai tare babur da bindiga ba.

39/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda abin ya juye. A ƙarni na 19 talaka ne ke hawa dutse yana ɓuya daga mahara. Yau a wurare da yawa maharan ne ke riƙe da daji da duwatsu, talaka yana gudowa bakin titi, yana kwana a ajin firamare ko gidan ɗan'uwa a Kujama, Maraban Rido ko Sabon Tasha.

40/ Shi ya sa in na ji ana cewa a farfaɗo da yawon buɗe ido a Kaduna, sai in ce madalla, amma daga ƙasa za a faro. In manomin Kufana ko Idon zai iya kwana a gonarsa, makiyayi ya kwana a rugarsa, mai kayan gwari ya bi hanyar Kachia da magariba, baƙo zai zo da kansa ba sai an roƙe shi ba.

41/ Ba ina cewa kada a je Kajuru Castle ba fa. Gini ne mai kyau, hannun magina 'yan ƙasar nan ne ya ɗora duwatsunsa, kuma yana kawo wa mutanen yankin ɗan abin sawa a baki. In hali ya yi, an kuma tabbatar da lafiyar hanya, a je a huta. Amma a san a kan me aka kwana.

42/ In ka je, tambayi sunan dutsen da ke gabanka da harshen Adara. Tambayi ina tsohon garin Kajuru yake, su waye suka yi sarauta, daga ina kakannin mai yi maka jagora suka sauko. Za ka dawo da abin da ya fi hoto, kuma ka girmama masu wurin.

43/ Ɗalibai 'yan uwana da aljihunmu bai kai na gidan hutu ba: Kufena tana nan, Turunku tana nan, Dala tana nan. A cikin Kaduna akwai gidan tarihi a titin Ali Akilu, akwai Arewa House, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda rahotannin Di'o-Di'o kan gundumomin nan suke jibge suna jiran mai karantawa.

44/ Aikin da ya fi gaggawa ma ba ya buƙatar kuɗin mota. Tsofaffin da iyayensu suka rayu a kan dutse suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Waya tana hannunka. Zauna da kaka, kunna rikoda, tambaye ta ina suke ɗibar ruwa, ina suke ɓoye hatsi, wace shekara suka sauko, wa ya sauko da su.

45/ Nan zan tsaya. Wanda ya san danginsu daga dutse suka sauko, ko daga cikin ganuwa suka fito, ya rubuta mana sunan wurin da ƙaramar hukumarsa a ƙasa. Adara, Gbagyi, Atyap, Bajju, Ham, Hausa, Fulani, kowa ya kawo nasa, ba zagi ba gori. Zan tattara su wuri ɗaya mu ga taswirar da za ta fito.